Fayil Biyu, Lamba Ɗaya

Litinin, 4 ga wata, 1:20 na rana

Yau aka dawo mana da injin ƙyanƙyasa guda uku daga wata gonar kaji. Matar da ke da gonar da kanta ta biyo motar. Ba ta yi faɗa ba, gara ma da ta yi. Ta tsaya a ƙofar ɗakin gwaji ta ce ƙwai dubu ɗaya da hamsin da shida ta zuba, kwana ashirin da ɗaya tana fama da su, tamanin da bakwai ne suka fito, su ma rabi ba sa iya tsayuwa da ƙafarsu. Ta ce, "Safe da yamma sai na duba gilashin, talatin da bakwai da rabi yake nunawa. Ku da bakinku kuka ce in ya nuna haka in kwantar da hankalina."

Oga ya jawo mata kujera. Ba ta zauna ba.

Ni aka ce in auna. Na kunna guda, na sa ma'aunin zafi na hannu a ciki, na jira minti arba'in. Gilashin inji ya nuna 37.5. Ma'auni ya nuna 39.4. Na canza ma'auni, 39.4. Sauran biyun ma haka. Wato ƙwan nan dafa su muka yi a hankali.

Wata biyar da kwana goma ke nan da fara aikina. Ranar 25 wa'adin gwajina zai cika, a tabbatar da ni ko a sallame ni.

Abincina yana nan cikin jaka, ban buɗe ba.

Talata, 5 ga wata, 6:50 na safe

Bari in rubuta yadda aikin yake a tsare, ko hankalina zai kwanta.

Kowane inji yana da allon lantarki, a cikin allon akwai manhajar da ke gaya masa lokacin kunna hita da lokacin kashewa. Guntu-guntu muke rubuta ta. A matakin ƙarshe na gini, wata manhajar da ake kira linka ce ke ɗinke guntayen, ta ba kowanne mazauninsa a ma'ajiyar allon, bisa wani fayil na tsari. A cikin fayil ɗin tsarin akwai alama biyu, ta farko da ta ƙarshe. Duk abin da ya faɗo tsakaninsu sai a lissafe shi ƙwaya-ƙwaya, wato bayit bayan bayit, a fitar da lamba guda, a dasa ta a bayit huɗun ƙarshe. Mu a nan hatimi muke ce mata. Ko bayit ɗaya ya canza, hatimi ya canza. Duk sanda aka kunna inji, sai ya sake lissafin da kansa. In bai yi daidai da hatimin ba, jar fitila ta kama, ya ƙi yin zafi.

Kawu ne ke loda manhaja a alluna. Ba kawun kowa ba ne, haka dai kowa ke ce masa, har Oga. Shekararsa goma sha huɗu a kan bencin nan. In ya loda, kwamfutarsa ta nuna hatimi, sai ya gwada harufa huɗun ƙarshe da na takardar aiki, sannan ya rubuta su da biro a 'yar takarda ya manna a bayan allo. Bironsa ɗaure yake da zare a ƙafar fitila, wai hannuwan injiniyoyi maganaɗisu gare su.

Alluna ukun jiya duk 3C9A ne a bayansu, da rubutunsa. Takardar aiki ma 3C9A.

Na rubuta a tsare. Hankalin bai kwanta ba.

Talata, 4:35 na yamma

Babban injiniyanmu, wanda a bayan idonsa muke kira Minti Biyar don ba ya cewa komai sai "ba ni minti biyar", ya ce in karanto abin da ke cikin allunan. Na karanto.

Sansa iri biyu gare mu, wato ɗan ƙarfen da ke jin zafi a cikin inji, tsohon samfuri da sabo. Kowanne da jadawalinsa da ke mai da abin da ya ji zuwa digiri. Injinan nan sabuwar sansa ce a jikinsu, amma jadawalin tsohuwa ne a cikinsu. Shi ne ya kawo bambancin 1.9.

Haka na faɗa masa, kalma bayan kalma. Ya ce, "Shi ke nan, an loda fayil ɗin da ba shi ba." Ya juya ya tafi.

Jadawali ya tambaye ni. Bai tambaye ni hatimi ba.

Laraba, 6 ga wata, 12:40 na rana

An yi zama a ofishin Oga. Mu huɗu: Oga, Minti Biyar, Kawu, ni. Ni rubuta bayanin zama aka kira ni.

Minti Biyar ya yi bayani da alƙalami a jikin farin allo. Ya ce fayil biyu daban ba za su taɓa zama da hatimi ɗaya ba. Tunda na tsohuwar sansa aka loda, lallai kwamfuta wata lambar ta nuna. Tunda kuma 3C9A aka rubuta a bayan allo, to daga takarda aka kwafa, ba a kalli kwamfuta ba.

Kawu ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ya ce, "Yallaɓai, ni abin da idona ya gani nake rubutawa."

"Kawu, ba wanda ya ce da gangan ne. Allo arba'in a yini, ido yana gajiya."

"In ya gaji nakan tashi in wanke shi. Ban taɓa kwafa daga takarda ba."

Oga ya ce, "To lissafi ne ya yi ƙarya?"

Kawu ya mai da tabarau a idonsa. Ina gefensa na dama, tazarar da ke tsakaninmu ba ta kai kamu biyu ba. Bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Da ya waiwayo, ina jin da na yi magana. Ko kuma haka nake gaya wa kaina.

Bayanin zaman shafi ɗaya da rabi ne. Babu kuskure ko ɗaya a ciki.

Alhamis, 7 ga wata, 1:00 na rana

Ba wanda ya tambaye ni.

Juma'a, 8 ga wata, 5:10 na yamma

Kowa ya tashi, sai ni da ƙarar fanka. Na buɗe fayil ɗin tsari.

Layi na 62: alamar ƙarshe.
Layi na 63: jadawalin zafi.

Jadawalin yana ƙasan alama. A waje yake, lissafi ba ya kaiwa kansa. Ko me aka zuba a wurin, hatimi ba zai motsa ba.

Na duba tarihin fayil ɗin don in ga wa ya taɓa layin, kamar ban sani ba. Sunana ne. A watana na uku ne, lokacin da aka ba ni aikin sabuwar sansa. Na so jadawalin ya fara daga kan sabon shafi a ma'ajiya don ya yi sauƙin samu, ya kuma yi kyau a ido. Na tuna har daɗi na ji ranar.

Na gina fayil ɗin tsohuwar sansa: 3C9A. Na gina na sabuwa: 3C9A. Na goge komai na sake ginawa daga tushe. Sau uku.

Na kashe kwamfuta na zauna har mai gadi ya leƙo ya ce, "Hajiya, ko nan za a kwana ne in kawo tabarma?"

Lahadi, 10 ga wata, 10:15 na safe

Mama ta ce na rame. Na ce aiki ne. Ta ce, "Aikin zama a kujera cikin sanyi? Ubanki shekara talatin yana tsaye a gaban inji bai yi wannan zuru-zurun ba." Yaya ya ce a ƙyale ni, masu digiri da tunani suke ƙoshi. Na yi dariya don a bar maganar.

Takardar shaidata tana nan a falo, Mama ta sa mata gilashi, sama da talabijin. Duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa. Jiya na lura ta ɗan karkace hagu. Na tashi zan gyara, na fasa.

Akwai wata Laraba da ba na son rubutawa.

Litinin, 11 ga wata, 1:30 na rana

An dakatar da Kawu mako guda, wai kafin a gama bincike. Ba a gabanmu aka faɗa masa ba. Mun dai zo mun tarar da kujerarsa a ture ƙarƙashin benci.

Allo arba'in ne a rukunin da aka loda tare da alluna ukun nan. Uku sun dawo, saura talatin da bakwai. Direbanmu, da muke kira Sai Gobe, shi aka tura ya kwaso su, ni na buga wa masu su waya ɗaya bayan ɗaya. Goma sha ɗaya akwai ƙwai a ciki. Wani dattijo ya ce yau kwanansu goma sha shida, ya zai yi? Na ce ya rage zafin da digiri biyu a gilashi har mu zo. Ya ce, "'Yata, waɗanda suka riga suka sha fa?" Na ce Allah ya sa a dace.

Na bincika ko akwai wani rukunin. Babu. A makon da aka loda wannan rukunin kaɗai fayil ɗin tsohuwar sansa ya zauna a kwamfutar Kawu, saboda wasu tsofaffin injina da aka kawo gyara. Wannan kam na tabbatar, na bi takardun aiki guda ɗari biyu da goma sha biyu.

A makona na farko na ƙona allo biyu da ƙarfen soda, wanda ake narka dalma da shi. Kawu ya ɗauke su ya sa a aljihun tebur, ya ce, "Injiniya, ba ƙarfe ake dannawa ba, jira ake. Ki bar dalma ta zo da kanta." Da aka zo ƙirga alluna ya ce su biyun da ma da matsala suka zo. Ban san me ya sa yau na tuna ba. Na sani.

Talata, 12 ga wata, 11:05 na safe

Na je ƙofar Minti Biyar. Na ce, "Yallaɓai, akwai abin da nake so in nuna maka a fayil ɗin tsari."

Waya na kunnensa. Ya ce, "Ba ni minti biyar."

Na tsaya minti bakwai, da agogo. Bai gama ba. Na koma kujerata.

Abin da ya fi damuna, da na juya sai na ji sanyi a raina, kamar an sauke mini kaya. Har na ce ai na je, shi ne bai saurara ba.

Laraba, 13 ga wata, 7:00 na safe

Ban yi ƙarya ba. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Na bi maganganuna tun daga ranar 4, babu ƙarya ko ɗaya.

Alhamis, 14 ga wata, 4:50 na yamma

Na gyara, a kwamfutata kawai. Na ɗauke layi na 63 na mai da shi saman alama. Aikin daƙiƙa goma. Na gina: na tsohuwar sansa 71E2, na sabuwa B04D. Na ƙara wani ɗan sharaɗi, in wani guntu ya faɗi wajen alamomin nan biyu, ginin ya tsaya cak ya ƙi ƙarasawa.

Zan iya cusa shi cikin gyaran mako mai zuwa, in rubuta "tsaftace fayil ɗin tsari". Minti Biyar zai sa hannu ba tare da ya karanta ba. Na san haka don tarihi ya nuna tsakanin aika masa wancan gyaran nawa na watana na uku da amincewarsa minti biyu ne. Daga nan ba wanda zai sake gina fayil biyu ya ga lamba ɗaya. Injina za su gyaru, ni in tsira, Kawu kuma ya zama maƙaryaci har abada.

Yatsana ya kai kan maɓallin aikawa. Ban danna ba. Ban kuma tashi na je ofishin Oga ba. Kada in yaba wa kaina, tsoro ne ya hana ni wannan, tsoro ne ya hana ni wancan.

Litinin, 18 ga wata, 2:10 na rana

Kawu ya zo da safe cikin fararen kaya, ba rigar aiki ba. Bangon ofishin Oga katako ne, teburina kuma a jikinsa yake. Ba laɓe na yi ba.

Oga ya ce magana ta wuce, ba wanda zai taɓa aikinsa. Takarda ɗaya ce kawai zai sa wa hannu, cewa ranar ya kwafi lamba daga takardar aiki, ba zai ƙara ba. Don a rufe fayil, a kuma sami abin gaya wa masu kaji.

"Ba zan iya ba, Yallaɓai."

"Haba Kawu, layi uku ne."

"Ko ɗaya ne. In na sa hannu, duk takardar da na manna shekara goma sha huɗu ta zama shara. Wa zai ƙara yarda da rubutuna? Ni ma ba zan yarda da shi ba."

"To ya kake so in yi da kai?"

"Ba sai ka yi komai ba. Na hutar da kai."

Ya fito ya buɗe aljihun teburinsa. Abin da ya ɗauka: kofin shayi, madubin ƙara girma, ɗan littafinsa na aljihu mai baƙin bango, silifas. Bironsa ya bari a ɗaure. Sai Gobe ya ce, "Kawu, wa zai dinga zagina in na makara?" Ya ce, "Agogo ya ishe ka."

Ya bi kowa ya yi sallama. Da ya zo kaina ya tsaya kaɗan. Na miƙe. Bakina ya buɗe, na rantse ya buɗe. Ya ce, "Injiniya, a dinga cin abinci." Ya wuce.

Talata, 19 ga wata, 6:30 na safe

Larabar nan. Bari in rubuta ta.

Ranar 2 ga watan jiya ce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya saura. Ina sauri, an ce in kai rahoto kafin sha ɗaya. Kawu ya kira ni daga benci. Ya ce, "Injiniya, zo ki gani. Fayil biyu ne a nan, sunansu ya bambanta da harafi ɗaya, amma duk na gwada, lamba ɗaya suke ba ni. Tun da nake ban taɓa ganin haka ba. Wanne ne na sababbin?"

Ban ko zauna ba. Na leƙa ta saman kafaɗarsa. Na ce, "Kawu, in hatimi ɗaya ne, to fayil ɗaya ne, suna biyu aka yi masa. Loda kowanne."

Ya ce, "Kin tabbata? Ko in jira babban?"

Na ce, "Lissafi ne fa, Kawu. Ba ya kuskure." Har da murmushi. Na tuna murmushin. Irin wanda malamai ke yi mana a aji in mun yi tambayar da ba ta kamata ba.

Ya ce, "To, ke kika karanta."

Minti ɗaya ya isa in buɗe fayilolin in gwada su. Rahoton da nake wa sauri, sai bayan kwana biyu Minti Biyar ya buɗe shi.

Shi kaɗai ne a ginin nan ya ga ɓarakar, tun kafin a zuba ƙwai ko ɗaya. Ya kawo wa wadda ta yi ɓarakar, ta ce masa ba komai.

Alhamis, 21 ga wata, 1:15 na rana

Alluna sun taru, ba mai lodawa. Saura kwana huɗu.

Asabar, 23 ga wata, 5:40 na yamma

Na je. Sai Gobe ne ya kwatanta mini: bayan tashar mota, layin masu gyaran fanka, rumfa ta shida. Ta ƙaninsa ce. Na same shi a kan benci da buɗaɗɗiyar rediyo a cinya, tabarau a kan hanci.

"A'a, Injiniya! Fanka ce ta lalace?"

Na gaishe shi. Ya ture wata tsohuwar fanka ya ba ni wuri. Na shirya maganar tun a mota, da farko da tsakiya da ƙarshe. Da na buɗe baki sai na ce, "Kawu, layi na 63 ne." Kamar ya san wani layi na 63. Sai hawaye.

Ya bar ni na gama. Ya aiki ƙaninsa ya sayo ruwa. Sannan na yi masa bayani sosai, alama biyu, jadawali a waje. Ya saurara yana gyaɗa kai.

Ya ce, "Wato kamar a kulle gida a bar akwati a ƙofar waje."

Na ce haka ne.

"To ai na san idona bai yi ƙarya ba. Amma na ji daɗi da na san dalili. Abin yana cina."

Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba? Ranar zaman. Da ka ce ka tambaye ni."

Ya ɗauki ƙarfen soda ya duba bakinsa, ya mayar. Ya ce, "Maganarki ce, ba tawa ba. In na faɗa, tsoho ya ga wuta ya tura yarinya. Kuma saura miki 'yan kwanaki a tabbatar da ke. Na ce bari in ba ki wuri ki faɗa da bakinki, zai fi miki daraja."

Ya ƙara da cewa, "Ranar na ɗauka kafin a tashi za ki yi magana, shi ya sa ban kalle ki ba, kada ki ce na matsa miki. Da aka dakatar da ni na ce gobe za a kira ni. Kullum wayar nan tana aljihun gaba. Ran Litinin ma da na sa fararen kaya, na ɗauka haƙuri za a ba ni."

Ba da zafi ya faɗa ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na ce jibi zan faɗa. Ya ce, "Jibi ba ita ce ranar takardarki ba? Ki bari a ba ki tukuna." Na ce a'a. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To ki ci abinci kafin ki shiga."

Litinin, 25 ga wata, 12:20 na rana

Na faɗa.

Takardar tabbatarwata tana kan teburin Oga, na hango sunana a juye. Na ce kafin ya sa hannu ina so ya ga wani abu, a kira babban injiniya. Minti Biyar ya fara cewa "ba ni", Oga ya ce, "Yanzu."

Na gina fayil biyun a gabansu. 3C9A. 3C9A. Na nuna layi na 62 da na 63, da sunana a tarihi. Na faɗi Larabar, har da "loda kowanne". Na faɗi ranar da na gano, 8 ga wata, ƙarfe biyar da minti goma.

Oga ya ƙirga da yatsu. Ya ce, "Kwana goma sha bakwai."

Na ce eh.

"Kina zaune a bayan katakon nan ranar da na ba shi takarda?"

Na ce eh.

Ya ɗauke ido daga kaina. Ya juya ga Minti Biyar ya tambaye shi wa ya amince da gyaran. Shi ma ya ga sunansa. Ban taɓa ganinsa ba waya a hannu ba sai yau.

An ƙara mini wata shida na gwaji. Gyaran layin ya shiga da sunansa na gaskiya, ba "tsaftace fayil ɗin tsari" ba. Kuma ni zan zauna a bencin lodi har a sami wani. Da na ɗauka korata za a yi. Na fito ina jiran in ji sauƙi, har yanzu bai zo ba.

Na gaya wa Mama ta waya. Ta ce, "Mutumin yana da iyali?" Na ce 'ya'ya biyar. Ta ce, "Kayya, 'yar nan." Ta kashe.

Laraba, 27 ga wata, 3:45 na yamma

Oga da kansa ya je rumfar, Sai Gobe ya kai shi. Sai Gobe ne ya ba ni labari. Ya ce Oga ya ba da haƙuri a gaban ƙanin Kawu da masu gyaran fanka, ya ce kujerarsa na nan, a dawo gobe.

Kawu ya gode masa sosai, har ya raka shi mota. Amma ya ce ba zai dawo ba. Ya ce ba fushi yake ba. Wai in ya koma, duk lambar da zai rubuta sai ya tuna an taɓa zama a kanta mutum huɗu, ba wanda ya ce bari mu kunna kwamfuta mu gani ko tsohon nan gaskiya yake faɗa. Ya ce hannunsa zai dinga rawa, kuma mai rawar hannu ba ya aikin allo.

Abu ɗaya ya roƙa, a kira matar nan mai gona a gaya mata ba kwafa ya yi ba. Ni na kira ta. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To. Allah ya kiyaye gaba." Ta ce ta koma sayen 'yan tsaki, ta bar ƙyanƙyasa.

Da ranar 8 na faɗa, da ko dakatar da shi ba a yi ba. Da ranar 14 ce, da yana nan. Ko ranar 18 da safe. Na daina wannan lissafin, sai in ga na koma.

Juma'a, 29 ga wata, 4:30 na yamma

Allo talatin da ɗaya na loda yau. B04D. Kowanne sai na kalli kwamfuta sau biyu kafin in rubuta. Rubutuna bai kai nasa kyau ba, D ɗina kamar sifili. Zaren biron ya yi mini gajere, shi bahago ne, ta hagu ya ɗaure. Ban kwance ba.

Da rana Sai Gobe ya ajiye mini wani abu a leda, ya ce in ji Kawu, tunda ni ce a benci zai yi mini amfani. Littafinsa ne mai baƙin bango.

Duk sirrin bencin yana ciki. Waya ta biyu tana wasa, a riƙe ta da yatsa. In an ɗauke wuta ana tsakiyar lodi, a ware allon, kada a yarda da shi. Kowace rana da kwanan wata, da lokaci, da adadi. Ina ta buɗawa ina murmushi, har na zo watan jiya.

"Laraba 2. 10:50. Fayil biyu, lamba ɗaya, 3C9A. Na tambayi Injiniya, ta ce a loda kowanne. Allo 40."

Bai ja layi a ƙarƙashi ba, bai naɗe shafin ba, bai kuma yage shi ba kafin ya aiko.

Littafin nan a aljihun rigarsa yake wuni. Yana jikinsa ranar zaman, a aljihun dama, ɓangaren da nake zaune.

Na buɗe sabon shafi na rubuta: "Juma'a 29. Allo 31. B04D, daga kwamfuta."